Jirgin Yaƙin Kyaftin Ɓera

Duk wanda ya zauna a Suleja a shekarar 1995 ya ce bai san Alhaji Sadisu ba, to ko dai ƙarya yake yi, ko kuma kurma ne. Makaho ma ya san shi, don muryarsa ke riga shi shiga layi. Shi ne mutum na farko da ya shigo da kwamfuta unguwar Hashimi, kuma tun daga ranar bai bar kowa ya manta ba. Allah ya yi masa baiwa iri-iri: ga tsayi, ga tumbi, ga ilimin da shi kaɗai ya san inda ya samo shi. In ya fara magana Hausa ba ta isarsa sai ya aro Turanci, Turancin ma in ya ƙare sai ya ƙera nasa. Mu dai 'yan unguwa sai godiya, don ba kowane gari Allah ke ba irinsa ba.

Allon shagonsa ya fi ƙofar shagon faɗi. An rubuta: Sadisu Intanashinal Kwamfuta Santa, Landan, Jidda, Suleja. Reshen Landan da na Jidda har yau ba a kai ga buɗe su ba, amma na Suleja yana nan, kuma in mutum uku suka shiga, dole ɗaya ya bar ƙafa a waje. Kwamfutar a gwanjon wata ma'aikata ya same ta, lokacin da ake kwaso kaya daga Legas zuwa Abuja. An ɗinka mata rigar karammiski mai geza. Fanka ɗaya ce a shagon, kuma kwamfutar ake wa fifita da ita, 'yan Adam su sha zufarsu. Takalmi a waje ake cire shi. Mai mura kuwa ko leƙe ba ya yi, don Alhaji ya ji an ce kwamfuta na kamuwa da cuta.

Akwai ɗan abin nan mai doguwar wutsiya da ake turawa a kan tebur don a motsa kibiya a gilashin kwamfuta. Da 'yan acaɓan bakin shagon suka ji cewa Turawa ɓera suke ce masa, shi ke nan, suka raɗa wa Alhaji suna Kyaftin Ɓera. Shi rabin farko kawai yake ji, kuma yana amsawa da fara'a. Ai soja a jininsa yake. Ya taɓa shiga 'yan sikawut a firamare, ya fita ranar da aka ce za a je daji. Jirgin sama kuwa ya san shi ciki da waje, don ya hau sau ɗaya zuwa aikin Hajji, ido a rufe tun daga Kano har Jidda, yana ƙanƙame da hannun kujera. Da ya dawo ya ce nazarin ƙarar inji yake yi, kuma hakan ba ya yiwuwa da ido buɗe.

Abu ɗaya ne ke cin ran bawan Allah: duk girman nan nasa, ba wanda ya taɓa sara masa. Gaisuwa ana yi masa, durƙuso ma wasu na yi, amma a ƙame, a buga ƙafa, a ɗaga hannu a goshi saboda shi, wannan bai taɓa samu ba. Sai ga dama ta faɗo. Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Hashimi, wato tsofaffin sojojin unguwar, wasu na yaƙin Bama, wasu na yaƙin basasa, ta rasa uban ƙungiya, don mai riƙe da kujerar ya tattara ya koma garinsu. Kujerar ba albashi, ba ofis. Amma ranar sha biyar ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, uban ƙungiya ke zama a kujera mai kushin a gaban fili, a kira sunansa a lasifika, tsofaffin sojoji su wuce ta gabansa da fareti su sara masa. Wallahi da za a ce wa Alhaji ya ba da ido ɗaya a kan wannan, tambayar da zai yi ita ce na dama ko na hagu.

Sai dai ba shi kaɗai ke so ba. Akwai Oga Ignatius mai kayan gyaran mota, wanda shi ma in ana rabon son girma ba a bar shi a baya ba. Ranar taron ƙungiya a gindin mangwaro, Ignatius ya tashi ya yi alkawarin rumfuna da kujeru da sa guda na ranar fareti. Tsofaffi suka yi tafi, masu haƙori suka lashe baki, marasa shi ma suka lashe. Sai Kyaftin ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya har sau biyu.

“Jama'a, yu si, sa abin ci ne. Yau a yanka, gobe a yi sakace, jibi a manta. Rumfa kuma haya ce, da la'asar mai ita zai zo ya naɗe abarsa. Ni tarihi zan ba ku. Histiri! Kalandar ƙungiya ta baɗi ni zan yi ta. Kuma ba irin wadda kuka saba ba, a jera kawuna kamar tumatir a tire. A tsakiyarta zan sa jirgin yaƙi mai ruwan bama-bamai, irin wanda ya bi ta kanku a Bama. Ba hoto ba, ba fenti ba. Da kwamfuta zan haife shi! In fak, ko a Abuja ba a taɓa yi ba.”

Shugaban ƙungiyar shi ne Saja Ayuba, tsohon sojan Bama, wanda kunnensa ɗaya ne ke aiki, shi ma sai ya ga dama. Ya juyo da kunnen, aka maimaita masa, ya gyaɗa kai.

“To, a yi mu gani,” in ji shi. “Wanda ya fi burge mazan jiya, kujera tasa ce.”

Matsala ta farko, Kyaftin bai taɓa ganin jirgin da ya yi alkawari ba. Amma manyan mutane ba sa rasa hanya. Ya sayi tsire a bakin tasha, sai aka naɗe masa shi a shafin wata tsohuwar mujallar Turawa, a shafin kuwa, ikon Allah, ga jirgin Yaƙin Duniya na Biyu ya baje fukafukai: inji huɗu, wutsiya biyu, hancin gilashi, ciki a buɗe yana zubar da bama-bamai. Alhaji ya ce wannan ishara ce. Ya cinye tsiren, ya karkaɗe yajin, ya sa takardar a firam. Man gyaɗa ya riga ya ci rabin wutsiyar ya bar tabo mai faɗi a gefe. Kyaftin ya ƙura wa tabon ido, ya yanke hukunci cewa hayaƙin yaƙi ne, kuma haka ya shiga cikin zanen.

Ga wanda bai sani ba, zane a kwamfutar zamanin can aiki ne kamar ɗinkin hula, ɗigo bayan ɗigo. Ka tura ɓera, kibiya ta matsa, ka danna, ɗigo ya fito. Ɓeran Alhaji kuma ya sha jiki a hannun ma'aikatan Legas, sai ka tura shi kamu guda kafin kibiyar ta matsa tsawon yatsa. Gangar jikin jirgin ta fito lafiya, ko da yake masu hassada sun ce ta fi kama da doya. Da aka zo fiffiken dama ne aka samu cikas. Kyaftin na ja, yana ja, sai ɓera ya iso bakin tebur, fiffike ko rabi bai kai ba.

Da wani ƙaramin mutum ne, da sai ya ɗaga ɓeran ya mayar da shi tsakiya ya ci gaba. Ina! Kyaftin ba ya tunani irin na ƙananan mutane. Ya aika aka kira Salisu kafinta.

“Malam Salisu, teburin nan na zana motar Bitil ne. Ni jirgi nake zanawa. Ƙara masa katako.”

Salisu ya ƙara. Washegari ya sake ƙarawa. Kafin mako ya zagayo teburin ya fito ta ƙofa ya leƙa titi, sai da aka tokare shi da bulo. Alhaji kan tashi tsaye ya bi teburin da ɓera a hannu, yana tafiya a hankali yana riƙe numfashi, har inda wayar ta ƙare. A nan fiffiken dama ya tsaya. Na hagu kuwa bango ya tare shi, bangon da ke tsakaninsa da wani tela, kuma telan ya rantse ba za a huda masa shago saboda jirgi ba. Don haka fiffike ɗaya ya fito dogo, ɗaya gajere. Kyaftin ya yi bayani cewa jirgin kwana yake sha, kuma a ilimin zane ana kiran wannan fasfektif.

Kai, zo ka ga jama'a! 'Yan acaɓa suka daina ɗaukar fasinja. Matan garin Iku masu kawo doya kasuwa kan sauke kaya su leƙa ta taga, su ce tabɗi, su ɗauka su wuce. Ma'aikatan da ke dawowa daga Abuja da yamma kan sauka a nan maimakon gida, don a ga inda aka kwana. Yau an sa taya. Gobe an sa inji. Injunan huɗu suka fito zagaye-zagaye a jere kamar tandar waina, kowanne da girmansa. Launi kuma ɗan kaɗan kwamfutar ke da shi. Kyaftin na son kore irin na kakin soja, ita kuwa kore ɗaya ta sani, mai ƙyalli, irin na leshin Sallah. Ya karɓa, ya ce ɓad-da-kama ne na daminar Bama. Duk ɗigon da ya danna sai ya juyo ya dubi taga, jama'a su ce, “Sai Kyaftin!” shi kuma ya ɗaga musu hannu kamar ba komai ba.

Ana cikin haka wata rana da hantsi masu wuta suka ɗauke abarsu. Gilashi ya yi baƙi ƙirin. Kyaftin bai adana aikin ranar ba, don haka da wuta ta dawo, wutsiya biyu da hayaƙin man gyaɗa duk sun tafi. Ya dafe kai, ya fito bakin ƙofa idonsa jajir.

“An harbo mu!” in ji shi. “Abokan gaba sun samu wutsiya. Amma ku gaya wa Ignatius, matuƙi bai mutu ba!”

Ranar nan ya sayo janareta, wani tsoho mai tari da hayaƙi, ya ajiye shi dab da taga. Abin ya zo daidai, don yanzu jirgin ya samu ƙara. Kyaftin ya samo tabarau na masu walda ya ɗaure a goshi, ya naɗa farin mayafi a wuya duk zafin Suleja. Kafin ya kunna kwamfuta sai ya ɗaga babban yatsa ga janaretan. A gida ma abin ya bi shi. Ya kafa doka cewa in za a kawo masa abinci sai an tsaya a bakin ƙofa an nemi izinin sauka. Matarsa Hajiya Talatu, wadda ta san shi tun yana sayar da batir a tire, ta dire masa kwanon tuwo ta ce ga shi nan ya sauka, in ya ga dama ya buɗe masa bincike.

Da zanen ya kusa kammala sai ya gayyato Saja Ayuba ya zo ya ba da shaida. Tsohon ya cire takalmi, ya kewaye teburin da ƙyar, ya kusanto da fuska har hancinsa na taɓa gilashi.

“Saja, tsakaninka da Allah, ba haka yake ba?”

Saja ya daɗe yana kallo. “Wallahi Alhaji ba zan iya cewa ba. Mu in mun ji ƙararsa, rami muke faɗawa mu kife ciki. Ban taɓa tsayawa na duba ko namu ne ko nasu ba.”

Kyaftin ya fito ya sanar wa taga cewa wanda ya ga jirgin da idonsa ya rasa abin gyarawa. Aka yi ta tafi har janareta ya mutu.

Oga Ignatius ma bai zauna ba. Ya sayo sansa tun da wuri, fari tas, ya sa aka ɗaura masa jan ƙyalle a ƙaho, kuma kullum sai an bi da shi ta gaban shagon kwamfuta wai za a kai shi shan ruwa, alhali ruwan yana ɗaya gefen gari. Rannan san ya tsaya ya sosa wuya a jikin teburin da ya fito titi, teburin ya girgiza, ɓera ya zame, bom ɗaya ya fito da lanƙwasa.

“Sori fa, Oga Kyaftin,” in ji Ignatius daga waje, yana dariya har da riƙe ciki. “Wannan jirgi naka, za a iya yin farfesu da shi?”

Kyaftin bai ko juyo ba. Ya ce wa masu taga su shaida, an kai hari kan kayan soja, kuma tarihi zai yi hukunci.

Saura tsara kalandar. A nan ne ya rufe taga da labule, ya ce daga yau aikin ya zama sirrin soja. Ya ware wurin hotunan 'yan ƙungiya a ƙasa, layi-layi, Saja Ayuba a gaba. Jirgi a tsakiya, bama-bamai na zuba. To shi fa? Da farko ya sa kansa a wurin matuƙi, cikin hancin gilashi, sai fuskar ta fito kamar ƙwayar wake. Haba! Mutum ya yi wannan wahala a neme shi da tabarau? Ya fito da kansa daga jirgin, ya ƙara wa hoton girma, ya ƙara, ya sake ƙarawa, ya ɗora shi can sama, bisa jirgin, bisa gajimare, bisa kowa. Ya cire masa launi ya mayar da shi fari da baƙi, don haka hotunan jaruman yaƙi suke a mujalla. Ya so ya zagaye shi da ruwan zinare, kwamfuta ta ba shi ruwan gwaiduwa, sai ya zaɓi baƙin zobe mai kauri, don baƙi ya fi kwarjini. Ya ja da baya ya kalli abin da ya yi, har ƙwalla ta zo masa.

Aka shiga Janairu. Ya zuba aikin a ɗan baƙin faifai, ya naɗe a hankici, ya sa a cikin hula, ya ɗora hular a ka, ya hau mota zuwa wata maɗaba'a a Kaduna. Da aka gama bugawa ya bar wa masu maɗaba'ar sallahu su aika da ƙullin kalandar zuwa Suleja, a kai wa Saja Ayuba. Shi kuwa ya tsaya a Kaduna, don ya ba wani tela ɗinkin rigar matuƙin jirgi mai igiya a kafaɗa da maɓallan ƙarfe. Shirinsa shi ne kada kowa ya gan shi sai ranar fareti, ya faɗo fili cikin kaki, gari ya ruɗe. Bai gaya wa kowa masaukinsa ba, har da Hajiya Talatu. Sirrin soja ne.

Ƙulli ya iso gindin mangwaro. Tsofaffi suka taru, Saja ya yanke igiya, ya zaro ɗaya ya ware. Aka ga jirgi kore shar, aka ce kai. Aka ga bama-bamai, aka ce tabɗijam. Sai idon Saja ya hau sama. Ya tsaya. A hankali ya cire hularsa, sauran ma suka cire.

Abin da ya faru shi ne, kalandar wannan ƙungiya tana da tsarinta tun kafuwarta. Masu rai a ƙasa ake jera su, da hoto mai launi, kowa da muƙaminsa. Sama kuwa, bisa kan shugaba, wurin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne a shekarar: hoto fari da baƙi, cikin baƙin zobe. Duk matar da ta taɓa rataya kalandar nan a ɗaki ta san haka. Kyaftin kaɗai ne bai sani ba, don duk shekarun da ake kai masa ita bai taɓa dubawa ba, tunda babu hotonsa a ciki.

Aka nemo direban da ya kawo kayan. Ya ce shi dai mutanen maɗaba'a ne suka loda masa, bai ga wani Alhaji ba. Shi ke nan, magana ta fito. Hanyar Kaduna ce, kowa ya san halinta na cin rayuka. Lallai an yi masa sutura a can, masu maɗaba'a kuma, da yake sun san ƙa'ida, suka girmama shi. Allah sarki, ashe jirgin nan wasiyya ce! Kuma da yake Janairu ta riga ta shigo, mutane na jiran kalanda, sai aka raba ta a ranar. Kafin azahar ta kai Iku. Kafin la'asar tana rataye a shagon mai shayi a Gawu Babangida. 'Yan acaɓa suka yi jerin gwano da fitila a kunne. Telan da ya hana a huda bango ya ce da ya sani da ya bari.

Mata suka cika gidan Hajiya Talatu da salati. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, ta karɓi kalandar ta duba sama da ƙasa.

“Ku sha ruwa ku tafi,” in ji ta. “Mutumin nan ba zai mutu bai yi jawabi ba.”

Aka ce ruɗewa ce, Allah ya ba ta haƙuri.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne Oga Ignatius. Ya zo gindin mangwaro da hankici biyu, ya ce shi da Kyaftin kamar wa da ƙane suke, ya ce irin wannan ƙwaƙwalwa ba za a sake yi ba a Najeriya. Ya yi kuka har sai da aka riƙe shi, aka zaunar da shi, kuma kujerar da aka zaunar da shi a kai ita ce mai kushin. Tunda ɗan takara ɗaya ya rage, ba a ma tsaya jefa ƙuri'a ba.

Ranar sha biyar ga wata filin makarantar firamare ya cika maƙil. Ga rumfuna, ga kujeru, ga ƙamshin nama daga bayan aji. Ignatius na zaune a gaba da jar hula. A gefen tuta an kafa kalandar a kan allo, an zagaye ta da furanni. Daidai lokacin ne wani ɗan acaɓa baƙo, wanda bai san komai ba, ya sauke fasinja a bayan taro: riga mai igiya a kafaɗa, maɓallai na walƙiya, farin mayafi, tabarau na walda a kan ido. Yana sauka ya ji lasifika ta kira sunansa cikakke, Alhaji Sadisu mai kwamfuta, sannan fili ya yi tsit.

Kyaftin ya tsaya cak. Ya ga gari guda ya sunkuyar da kai saboda shi. Ya ga mata na share hawaye. Ya ga hotonsa cikin furanni. Mai begila ya busa, tsofaffin sojoji suka ƙame, suka buga ƙafa, suka ɗaga hannu a goshi suna fuskantar kalandar. Daɗi ya kusa kashe shi da gaske. Shi ma ya sunkuyar da kai ya taya su shirun, yana cewa a ransa ashe haka mutanen nan ke ƙaunarsa bai sani ba. Sai ya ga bai dace a bar takarda ta karɓi girma alhali mai ita yana nan ba. Ya ratsa taro, ya taka har tsakiyar fili, ya tsaya gaban allon, ya ɗage tabarau, ya buɗe hannuwa.

“Jama'ar Suleja, ga ni na sauka!”

Innalillahi! Mai begila ya jefar da begila. Rumfa ɗaya ta kife. Mata suka bar takalma, maza suka bar huluna, wani tsohon kofur da ya shekara yana dogara sanda ya tsallake katangar makaranta ba tare da ita ba. Oga Ignatius ya so ya gudu, amma da ya tuna abin da yake zaune a kai, sai ya riƙe hannun kujerar gam ya rufe ido yana kiran sunan Yesu. Hajiya Talatu kaɗai ta ci gaba da cin gyaɗarta a ƙarƙashin rumfa, ta ce wa ta kusa da ita, wadda ta riga ta suma, “Ba na gaya muku ba? Ga jawabin nan zai fara.”

Saja Ayuba bai motsa ba, ko don jarunta, ko don ihun ta ɓangaren mataccen kunnen ya zo. Ya tako ya taɓa hannun Kyaftin, ya latsa tumbin, ya tabbatar. Sannan ya nuna masa kalandar, ya yi masa bayanin sama da ƙasa, a hankali, yadda ake yi wa sabon kurtu. Jama'a suka fara dawowa suna leƙe daga bayan bishiyoyi, dariya ta fara daga can baya tana matsowa.

“To ai kuskure ne na teknoloji!” in ji Kyaftin. “Ga ni da raina! A tashi mutumin nan daga kujerata, a sake faretin, a sara mini yadda ya kamata!”

“Mun sara maka, Alhaji. Yanzun nan, a gabanka. Na sama sau ɗaya ake yi musu.”

“Amma ban mutu ba, Saja!”

Saja ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama.

“Mun gode wa Allah da ya dawo mana da kai. Sai dai kalandar nan tana Iku, tana Gawu, tana bangon kowane ɗaki a Hashimi, kuma ba mai sauke ta sai Disamba. Kai ka yi ta da hannunka, ta kuma yi kyau. Ba ma ɗora mutumin sama a kujerar ƙasa. Bana dai ka rasu, Alhaji. Ka zo baɗi mu duba. Yanzu ɗan matsa gefe, kana kan hanyar fareti.”